Murfin Tukunyar Stoil

"Lafiya lau, Kaka. Maƙwabta dai sun ce in tambaye ka, yaƙi aka soma ne?"

Nevena ce ta shigo gonar kakanta Stoil, ta iske shi rub da ciki a kan buhu, tun safe yana ɓarin harsashi. Ƙa'idar maharban ƙauyen ce, kafin a buɗe farautar aladen daji kowa sai ya huda murfin tukunya da harsashi a gaban jama'a. Wanda ya kasa, sai ya koma cikin masu kaɗa gwangwani suna koro nama. Gobe ne gwajin, murfin Stoil kuwa ko ƙwarzane babu.

"Laifin madubin saitin bindigar nan da kika sayo min ne, ke mai ƙafar tsinke. A bola kika tsinto shi?"

"Bara da shi ka ci gwaji, har kana cewa ka fi kowa sa'ar jika."

"Bara ban gama sanin halinki ba. Ni da na taɓa harbe ƙuda a kunnen alade, aladen bai farka ba?"

"An ce mushe ne. Shi ya sa ƙudan."

"Ji marar kunya. Haka za ki tsufa a gidan ubanki."

"Ina jiran mai gani ne. Af, ba a itacen bakin rafi ka saba rataya murfin ba? Yaushe ya dawo nan kusa? Itatuwan ne suka matso?"

"Iska ta yi yawa a can."

"Ko ganye bai motsa ba, tsoho."

Ta karɓi bindigar. Ashe ya murɗa kusoshin saitin hagu da dama har sun bar zanen da ya yi musu da wuƙa bara. Ta mayar da su kan zanen, ta kwanta, ta ja kunama. Murfin ya yi ƙara, ga huda a tsakiya.

Nan take ta yi da-na-sani. Da ta kauce da gangan, da laifin ya zauna a kan madubi. Shi ya koya mata harbi a gonar nan, ga shi yanzu yana ƙanƙance ido yana neman hudar bai gan ta ba. Tausayinsa ya kama ta.

"Sa'a ce kawai, Kaka."

"Rufe min baki. Ban koya wa kowa sa'a ba." Ya daɗe yana murza idonsa na dama. "Tun sanyin da ya wuce nake ganin hazo. Na so a ce madubin ne."

Sai ya yi dariya, ya ɗingisa ya ciro murfin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Ya fi gwangwani amo. Riƙe bindigar, taki ce. In kin ji wannan ƙarar a daji, to ni ne, ba alade ba."

"Wuyar bambancewa gare ku," in ji ta, ta juya don kada ya ga idonta.

Ta manta cewa ba zai iya gani ba.