Littattafan Malam Masu Lamba Arba'in da Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayona ya kai ni zauren kakana, ya baro ni can. Laifina ɗan ƙarami ne: ƙarya na sa aka rubuta a jikin kwali. Sauran duk laifin masu ɗora wa mutane kuɗin kawo kaya ne.

Bikin yayana za a yi a Kebbe, na rantse sai an san na zo. Na ga wani jan kambas mai lamba arba'in da biyu a waya, wurin wani mai shago a Kano, na tura duk abin da na tara a noman damina. Sai ga saƙo: akwai haraji, akwai kuɗin kawowa, in ya iso tashar Tambuwal ma akwai na direba. Haba jama'a! Takalmin nan kujerar gaba zai zauna? Lemo za a saya masa a hanya?

A nan na tuna na ji a rediyo cewa an yafe wa littattafai haraji (ban saurari sauran bayanin ba, ina cin ɗumame). Na kira mai shago na ce ya sa sunan kakana a kwalin, ya rubuta “Littattafan addini, gidan Malam, Tambuwal”. Ya ce, “Ƙanena, rubutu ba ya mai da takalmi littafi, sisi ba zai ragu ba.” Na biya ina ƙunƙuni, amma na ce ya rubuta duk da haka, ko na direba na tsira.

Na tsira kuwa. Da na je tasha, yaron mota ya ce, “Maigida yac ce ba ya amsar kuɗi bisa kayan Malam. Ya tahi ya kai mai da hannunai.”

Gudun da na yi, ko ɗan acaɓa bai kamo ni ba. Na tarar zaure cike da dattawa ana karatun la'asar, direba a durƙushe yana karɓar addu'a, kakana kuma ya ɗora kwalin a cinya, ya yi bisimilla yana yanke igiya a hankali. Wani tsoho har ya gyara tabarau.

Ja ne. Ja kamar an tsoma shi a manja.

Kakana ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya juya ta. “Kai ɗan nema, taho kusa. Wanga littafi, wane babi za mu fara, na dama ko na hagu?”

Zaure ya ɗauki dariya. Direba kaɗai bai yi ba. “Allah gafarta Malam, fasinja na sauke don kar a danne kwalin ga!”

Babana ya sa na biya direba kuɗinsa da na kujerar fasinjan, na ci bashin da har yau nake biya da ban ruwan albasa. Abin da na koya shi ne, duk ƙaryar da za ka yi, kada ka rubuta mata adireshin gidanku.

Kakana ya ce tunda sunansa ke jikin kwali, kayansa ne. Da silifas na je Kebbe. Kambas kuwa ya yi masa daidai, da shi yake zuwa gona.