Ranar da Injiniya Ya'u Ya Gwada Bulonsa

Duk Ƙofar Kuyambana babu mai ilimin Injiniya Ya'u, kuma daga bakinsa muka ji wannan shaida. Kwas ɗin wata shida ya yi a Ingila, ya dawo da farar hular kwano wadda alwala kaɗai ke raba shi da ita. A kwaleji yake koya wa ɗalibai gwajin ƙarfin siminti da rodi. Injin gwajin ya mutu tun shekarar da aka canja kuɗi, amma ina ruwan gwani? Da baki yake gwada komai. Ɗalibai na kiransa Baba Kankare, shi kuwa har wani ƙara buɗa kafaɗa yake.

Saura wata guda damina ta faɗi, ya rushe ɗakin mahaifiyarsa Hajo, wai ginin ƙasa bai dace da uwar injiniya ba. Tsohuwa ta koma rumfar kara da kwanukanta, kullum idonta na gabas. Wallahi ta ba mu tausayi.

Aka buga bulo ɗari biyar. A aji shi ne mai faɗin, "Bulo sai da ban ruwa, safe da yamma, kwana bakwai cur!" Ya hana leburori zubawa, wai ba su san ƙa'ida ba, da kansa zai yi. To, famfo ya ɗauke, rijiya tana bayan masallaci, kuma wa ya taɓa ganin injiniya da bokiti? Bulo ya sha rana ya ƙoshi.

Ran Asabar ya kwaso ɗalibai arba'in zuwa ƙofar gida, ya kirawo Sabo magini, tsohon da ya gina rabin unguwar, da tubalinsa na ƙasa.

"Yau za ku ga bambancin kimiyya da gargajiya," in ji Injiniya. "A ɗaga daidai kafaɗa, a saki."

Sabo ya saki nasa. Tubali ya faɗi tim, ya mirgina, ko gezau. Injiniya ya yi gyaran murya, ya saki bulo. Wayyo! Sai ga shi kamar ƙuliƙuli a turmi. Na biyu ma haka. Na uku tun a hannu ya rabe.

"Wannan shi ne irin bulon da ba za ku yarda da shi ba," in ji shi. "Ku rubuta."

Suka duƙa suna rubutu, suna danne dariya. Sai Hajo ta leƙo daga zaure.

"Malam Sabo, don Allah gobe ka kwaɓa mini ƙasa. Yaron nan kuma ka ɗauke shi ya riƙa miƙo maka tubali, ko Allah ya sa ya koyi sana'a."