Ƙwai Talatin a Saman Bene

Shekarar da na sayi injin ƙyanƙyasa, babu wanda bai ji labari ba a layinmu na unguwar Tandabawi. Na zaɓi ƙwai talatin daga kajina na saman bene, na kafa doka: bayan kowace salla zan hau in juya su da hannuna, kada wani ya taɓa. Kafin su kwana uku har na rabar da 'yan tsakin ga maƙwabta da baki.

Da Hajji ya matso aka kira ni aikin dako a Mina, na ce ba zan samu zuwa ba. Matata Habiba ta ce, "Abu Usman, ka tafi mana, ni sai in juya." Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa wannan aiki na masu ilmi ne.

Kwana ashirin da ɗaya suka wuce shiru. Rana ta ashirin da biyar ina durƙushe, kunnena a jikin ƙwai, sai ga Gwaggo Hawwa, ƙanwar mahaifina, ta hawo tana haki. Ta dubi kajin ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan nan, ina zakaranka?"

"Ai tun azumi muka yanka shi, Gwaggo. Ke ma kin ci cinya."

"To wa kake jira ya fito?"

Habiba ta toshe baki da mayafi, ta sauka da gudu.

Har yau Abu Katakit ake kirana, wato baban 'yan tsaki. In Habiba za ta soya ƙwai kuwa, sai ta leƙo ta ce, "In fasa shi, ko ka juya tukuna?"