Ladabin da Na Yi wa Manhajar Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ko da na so in manta, domin Kawu Iliya yana nan da ransa, kuma ba ya gajiya da tuna mini.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta a wata jami'a a Manhattan, ina zaune wurin Kawu a unguwar Jamaica. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, yana da tebur a Canal Street inda yake sayar da tabarau da huluna. Ni kuwa abin da na sa a gaba shi ne gurbi a ɗakin binciken wata tsohuwar farfesa. Gurbi ɗaya ne tak, mu huɗu muke nema. In na samu, in ci gaba da karatu. In ban samu ba, Kawu ya ce akwai wuri a gefen teburinsa (har kujerar ya nuna mini, ta roba ce, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da waya).

Farfesar nan tana cikin waɗanda suka fara bincike a kan abin da ake kira kash, tun zamanin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki. Kwamfuta tana da babbar ma'ajiya mai nisa, ɗauko abu daga cikinta akwai jinkiri. Tana kuma da wata ƙarama kusa da hannu, mai sauri, ita ce kash ɗin. Duk abin da aka ɗauko daga babbar sai a ajiye shi a ƙaramar, ko za a sake nemansa. Manhajar da ta iya tsara aikinta yadda za ta riƙa tarar da kayanta a kusa, ita ce mai sauri.

Da na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya ce, "Bon. Tebur da sito ke nan. Abin da ake yawan saye shina bisa tebur, saura shina sito. Wannan ne ka shekara huɗu kana karantawa?"

Jarrabawar da Farfesa ta ba mu ita ce: ga tsohuwar manhajarta mai lissafa tarin lambobi, kowa ya je ya gyara ta ta ƙara sauri. Na zauna mako shida na sauya tsarin yadda take karanta lambobin. Sannan na shirya gwaji, manhajoji biyu su yi aiki a kan lambobi guda, ɗaya bayan ɗaya, agogo yana auna kowace. To wace za ta fara? Wallahi ko tunani ban yi ba. Matar nan ta girmi mahaifiyata, manhajarta ma ta girme ni. Mu a gidanmu yaro ba ya sa hannu a kwano kafin babba, ba ya riga shi shiga ƙofa. Sai na sa tata a gaba, tawa a baya. A cikin gwajin ma sunan da na ba su ke nan, Babba da Ƙarami.

Sakamako ya fito, tawa ta ninka tata sau huɗu a sauri. Na sake, haka. Mako biyu ina maimaitawa safe da yamma kamar shan magani, kullum Babba a gaba, kullum ni ke cin nasara.

Daga nan kaina ya kumbura. Na tura wa mahaifiyata saƙon murya na minti bakwai. Kawu kuwa bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci yana shaida wa jama'a cewa ɗan yayarsa ya kayar da farfesa. Wani direba ɗan Kumasi ya kawo mini wayarsa in gyara masa tunda ni ne gwanin sauri (na share masa hotuna, ya tafi yana godiya).

Ranar gabatarwa, wato Larabar nan, Kawu ya rufe teburinsa, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ya yi ba. Ya sa babbar riga, ya zauna a layin gaba, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo saboda dangi. Na yi bayani na minti ashirin. Sau uku na ambaci tsohuwar takardar binciken Farfesa, ina yaba mata. Gaskiyar magana, taken takardar na karanta da sakin layi na ƙarshe.

Da na gama ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Tambaya ɗaya. Me ya sa kullum tawa ce take farawa?"

Na ɗan rusuna na ce, "Girmamawa ce, Farfesa."

Ta ce, "Na gode. To yau na yafe, ka shiga gaba."

Na sauya su a gaban kowa, tawa a gaba, tata a baya. Na danna. Lambobi suka fito a babban allo, tawa tana jan ƙafa, tata ta ninka ta sau huɗu.

Farfesa ta dubi allon ta ce, "Ikon Allah. Tun da na rubuta ta ba ta taɓa gudu haka ba." Sannan ta ce in buɗe shafi na biyu na takardar da nake ta yabo, in karanta da ƙarfi. Na karanta. Gargaɗi ne cewa kafin kowane awo a fara kwashe duk abin da ke cikin kash, in ba haka ba wanda ya zo na biyu zai ci gumin na farko. Muka kwashe, muka sake aunawa. Tawa ta ɗan fi tata jinkiri. Wato mako shida na yi ina rage wa manhajar sauri.

A nan Kawu ya ɗago murya da Hausa, "Mi ya faru? Mun ci?"

Na sunkuya na raɗa masa. Shi kuwa bai san raɗa ba. Ya ce, "Wato tsohuwa ce ta sha wuya ta kwaso kaya daga sito ta jera bisa tebur, kai ka zo ka saida, ka ce ka fi ta sauri?"

Farfesa ta ce in fassara mata. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na fassara, kalma bayan kalma. Ta ce a duk zangon nan ba ta ji wanda ya fahimci darasin kamar wannan bawan Allah ba, ko shi ma gurbin yake nema? Aka fashe da dariya. Kawu ya gyara babbar riga, bidiyo kuma bai tsaya ba. Kafin mu isa tashar jirgin ƙasa ya riga ya kai Maraɗi.

Ban samu gurbin ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kwana biyu ko kiran mahaifiyata ban iya ɗauka ba. Na yi bazarar nan a kan kujerar roba, kullum da safe ni nake kwaso kaya daga sito in jera, Kawu ya zo ya sayar. A kan kujerar na karanta takardar Farfesa tun daga farko har ƙarshe, shafi goma sha ɗaya ne kacal.

Abin da na koya shi ne, ladabi na mutane ne, na'ura ba ta san babba ba, kuma in za ka yabi takarda ka daure ka kai shafi na biyu. Har yau dai in an ajiye tuwo nakan jira Kawu ya fara sa hannu. Shi kuma sai ya janye nasa ya ce, "A'a, fara. Ba zan buɗe maka hanya ka je ka ce ka fi ni ci ba."