Rasuwar Ɗan Ja, Famfon Jirgin Miss Eula

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da haushi, ni Ovide Naquin na bakin rafin Dularge, wanda guguwa ta yaye wa rufin gida har sau uku bai bar garin ba, wanda kada ya ɗanɗana ƙafarsa ya tofar, nake sanar da dangi da maƙwabta da masu dariya a ɓoye rasuwar Ɗan Ja, famfon da ke kwashe ruwa daga cikin ɗan jirgina Miss Eula. Ya rasu yana bakin aiki, abin da ba za a taɓa faɗa a kan surukina Purvis ba.

Marigayin bai fi gwangwanin kofi girma ba. Ya yi zamansa can ƙarƙashin daɓen jirgi, cikin duhu da warin mai da ɓawon jatan lande, bai taɓa neman a gode masa ba. Yana da wani ɗan harshe na roba a gefensa. In ruwa ya taru ya ɗaga harshen, sai ya farka da kansa, ka ji "gurrr, tsut, tsut," ya tofar da ruwan waje ya koma barci. Ba a tashinsa, ba a roƙonsa. 'Ya'ya huɗu na haifa, babu mai wannan hali ko ɗaya.

Ga yadda ajali ya zo. Bayan ruwan saman makon jiya na sauka gadar katako na tarar da Miss Eula ta sha ruwa har kujeru, akwatin ƙanƙarata yana yawo a ciki kamar agwagwa. Ɗan Ja shiru. Kafin in gama zagi sai ga 'yata Odile, hannu a ƙugu, mijinta yana laɓe a bayanta.

"Baba, mun yi da kai," in ji ta. "Jirgin nan ya sake shan ruwa, sayar da shi za a yi. Shekara tamanin da ɗaya! Yau ka manta da famfo, gobe kai za a tsamo."

Purvis ya leƙo ya ce, "Ai Baba, akwai abokina da ke so. Ka huta haka nan."

Na ce, "Hutu kai ka fi kowa saninsa, a kwance aka haife ka."

Jirgin da ke ɗauke da sunan uwarta take so a ja a bayan motar baƙo. Na durƙusa da waɗannan gwiwoyi da likita ya ce sun mutu tun tuni, na fara duba majiyyaci. Batir ya zuƙe ƙaf. Na ciro na motata, na jona wa marigayin wuta kai tsaye, ko motsi, sai ƙaurin ƙuna. Na hura tiyo, iska ta fita sarai. Na duba rariyarsa, tas take, don da hannuna nake wanke ta. Wayoyi babu tsatsa. To me ya sha batir, me ya ƙone bawan Allah? Na zura hannu ƙarƙashin harshen, na ji shi a sama cak, ya ƙi sauka. Na ja abin da ya tokare shi, sai ga sarƙar wuya ta duwatsun roba mai ruwan zinariya, irin wadda ake watsa wa jama'a ranar bikin Mardi Gras, da ƙaton kifin roba a tsakiyarta.

Kowa a rafin nan ya san wanda ya ari jirgina ranar jerin gwanon jirage na bikin. Kowa ya gan shi tsaye a goshin jirgi yana karkaɗa tumbi, yana jefa wa matan mutane sarƙa.

"Baba, irin wannan kowa na da ita," in ji Purvis.

Na ce, "Kowa na da ita, amma hoton mutum ɗaya ne manne a firjin 'yata da kifin nan a wuya."

Odile ta juya ta dube shi, irin kallon da uwarta ke yi wa kaza kafin yanka.

Ku ji irin mutuwar da aka yi masa. Sarƙa ta yi ta gangarawa har ta maƙale ta ɗage harshe, marigayin ya ɗauka jirgi nutsewa yake. Ya tashi ya kama aiki babu ko ɗigon ruwa, yana zuƙar iska, yana kuka, har cikinsa ya ƙone. Da ruwan gaske ya zo, gawa ya tarar. Maƙwabcina Elray Dugas ya amsa da bakinsa cewa ya yi ta jin kukan daga barandarsa, wai ya zaci firjinsa ne. Mutumin da ke jin an buɗe kwalbar giya daga tsallaken rafi.

Marigayin ya bar tiyo guda, wanda ba shi da laifi. Ya bar batir, yana kwance a gareji ana masa ƙarin wuta, ba a san ko zai tashi ba. Ya bar harshensa maraya, da Miss Eula, da ni, wanda ya binne mata da ƙanne biyu da karnuka masu yawa kuma yake shirin binne wasu.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Purvis ne zai ɗauko gawar da hannu biyu, a ƙasa, cikin kwat ɗinsa na aure in har zai shige shi, tun daga ƙofar coci zuwa gindin itacen bayan gidana. Elray zai rera mana "gurrr, tsut, tsut" a bakin kabari, tunda ya fi kowa haddace shi. Akwai miyar ƙaguwa ga masu makoki. Masu ɗaukar gawa shinkafa ce rabonsu, gaya.

An kuma naɗa magaji. Kafin sabon famfo ya iso, kuma ban yi gaggawar aikawa a kawo ba, duk sanda hadari ya haɗu Purvis zai sauko da gwangwani ya kwashe ruwan da hannu. Odile ce ta zaɓo gwangwanin, ƙarami ta ɗauko.

Abokin nan mai son saye, ana gayyatarsa ta'aziyya. Ya zo ya ga makullin jirgin da idonsa. Na zura shi a sarƙar da ta kashe Ɗan Ja, na rataya a wuyana. Mai so ya jira ranar da za a wanke ni.