Takardun Tuhumar Uban Hutu

Tun da asuba shugabanmu, Shef Ekwalla Dipita, yake tsaye a ƙofar ofishinmu na unguwar Akwa, agogo a tafin hannu, yana jiran wanda zai makara. Mutumin kirki ne. Shi da kansa ya sa dokar hutu cikin gilashi ya rataye a bango: awa goma sha ɗaya tsakanin tashi daga aiki da dawowa. Duk Litinin yakan goge ta da hankicinsa. Shi ya sa muke ce masa Uban Hutu.

"Ni ma'aikacina ɗana ne," in ji shi. "A duk Duwala babu ofishin da ake hutawa kamar nawa. Ku duba rajista."

Gaskiya ne, rajista tana hutawa. Ƙarfe biyar kowa zai sa hannu ya tashi, sannan ya koma kujerarsa ya ci gaba da takardun jiragen ruwa. Shekara goma sha huɗu ina haka.

Madam Eyenga, mai buga mana takardu, daga Bonaberi, ƙetaren kogi, take zuwa, ga cunkoson gada. Takardar tuhuma biyu Shef ya ba ta cikin mako guda. Ta uku kora ce, kuma yara huɗu take ciyarwa.

Ranar da sufeton ƙwadago ya zo, wani siririn mutum mai tsohon takalmi, Shef ya sa aka kawo fanke da wake. Sufeto ya duba rajista, ya yaba, har ya ɗauki jakarsa. Da Shef ya yi shiru, da an gama. Amma ina, bai nuna iya rubutunsa ba tukuna. Ya zaro takardun Madam ya karanta da ƙarfi, wai a ga yadda ake horo cikin ilimi.

"Ranar Talata, ƙarfe goma da rabi na dare, kin tashi kin bar fanka a kunne. Ranar Laraba kin iso bakwai da minti ashirin. Ka ji tsari, ranka ya daɗe? Ni minti ɗaya ba ya kuɓuce mini."

Sufeto ya ajiye jaka. Ya ƙirga awannin hutunta da yatsunsa, bai kai tara ba. Ya tambaya ko hatimin wa ke ƙasa. Shef ya buga ƙirji ya ce nasa ne, babu mai taɓa masa shi.

Nan take aka soke takardun biyu. Aka ce Madam ta tafi gida ta rama barcinta, Shef kuma ya kawo bayani a rubuce kafin azahar ɗin gobe.

Shef ya bi ta har bakin ƙofa yana roƙon ta buga masa bayanin: "'yar'uwa, shafi ɗaya ne kawai."

"Shef, hutu nake," ta ce, ta tare ɗan acaɓa.

Da na tashi ƙarfe biyar, karo na farko, na hango shi a kujerarta, tabarau a kan hanci, yana laluben haruffa da yatsa ɗaya.