Ranar da Motar Yaya Ta Yi Jini

Ba zan taɓa mantawa da ramin da na haƙa wa kaina a bayan gidanmu na Rano ba, ko na so in manta ma 'yan tasha ba za su bar ni ba.

Yayana Sabi'u direba ne. Yana da farar a-kori-kura da yake jigilar gyaɗa da dawa da ita daga Kibiya zuwa Kano, a shekarun nan da aka fara Shari'a, lokacin da kowane shago ka wuce kaset ɗin ruƙiyya ke tashi. Wata Laraba aka tsince shi a gefen hanyar Tarai, ya ajiye motar tsaf, ya ɗora kansa a kan sitiyari kamar mai gyangyaɗi. Babu rauni, babu komai, rai ya yi halinsa. Da aka zo ɗauko motar sai ta ƙi tafiya. Inji na tashi, a sa giya, ta yi ta gurnani a wuri ɗaya. Da igiya aka jawo ta, aka ajiye a kusa da tsamiyar bayan gida, can ta zauna har matarsa Hajara ta fita takaba. Hularsa na nan a gaban gilashi, babu wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke ta.

Motar nan ita ce gonar marayu huɗu. Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwar da Yaya ke yi wa jigila, ya aiko cewa in ta tashi kafin a gama cirar gyaɗa aiki na nan, in ba ta tashi ba zai nemi wata. Nan fa na shigo da bakina. (Ni gyaran babur nake yi da injin niƙa, amma a lokacin ko jirgin sama ka kawo min sai in ce a miƙo sifana.) Na ce giyabos, akwatin giyar motar, ce ta lalace, zan kwance ta a gida in kai ta Kano ita kaɗai, ba sai an ja mota sukutum ba.

Hajara ta ce, “Baffan yara, wannan fa mai canja giya da kanta ce, otomatik. Yayanka ma ba ya bari a taɓa ta a garin nan.”

Na ce, “Yaya Hajara, ƙarfe ai ƙarfe ne.”

Da yake ba ni da abin ɗaga mota sama, sai na haƙa rami irin na gareji. Ban lura da siffarsa ba sai da Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo. Tsawonsa daidai tsawona, faɗinsa daidai kafaɗuna, ga ƙasa a tare gefe guda. Ta daɗe tana kallonsa, ta yi salati a hankali, ta koma ciki.

Da safe maƙwabta suka taya ni tura motar kan ramin, suka wuce gona. Kafin in gama cire batir da ƙananan wayoyi rana ta take. Unguwa ta yi tsit, ko awaki ba sa motsi, sai wata kurciya da ke ta kuka a cikin tsamiya. Ina kwance a ramin, cikin motar na saman fuskata, sai na tuna yadda Inna ke hana mu zama gindin tsamiyar nan da tsakar rana muna yara. Na kawar da tunanin, na kama notunan farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya.

Noti na ƙarshe na fita, motar ta motsa.

Wallahi ta motsa. A hankali, kamar mutum ya gyara kwanciya. Hasken da ke shigowa ta wajen kaina ya ragu, taya ta hau tarin ƙasar nan ta tsaya. A cikin motar na ji wani abu ya faɗo, ɗan ƙaramin sauti, tif. Babu kowa a ciki, babu batir, makulli na aljihuna. Na yi a'uziyya, na ce wa kaina iska ce. (Ganye ko ɗaya ba ya kaɗawa.) Mai hankali da nan ya fita. Amma na riga na ce ƙarfe ƙarfe ne a gaban mace, ina zan sa fuskata?

Na tokare giyabos da ɗan ƙaramin jak na canjin taya da guntun katako, na kwance notunan da suka haɗa ta da inji. Na kama ta na ja. Ta ƙi. Na sake fizga da ƙarfi, ta rabu. Sai na ji wani gurguri daga cikin motar, irin wanda maƙogwaron rago ke yi ranar layya. Wani abu mai ɗumi ya sauka a goshina, ya bi wuyana, ya jiƙa min ƙirji. Na shafa, na miƙa hannu wajen haske. Ja ne jawur.

Na yi shekaru ina dama mai da hannuna. Na san baƙi, na san mai kalar zuma. Ban taɓa ganin inji ya zubar da ja ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma a zuciyata na tabbata Yaya ne. Bakina ya buɗe da kansa.

“Yaya ka yafe ni. Ni na fasa madubin gefe bara, ba jakin maƙwabcinmu Malam Audu ba ne. Ni na kwashe kaset ɗinka. Ka bar ni in fita.”

Ban san yadda na kurɗa ta tsakanin taya da ƙasa ba. Na dai ga kaina a guje ba takalmi, jajawur daga kai har ciki, na nufi tasha ina cewa mota ta yi jini, motar Sabi'u ta yi jini. 'Yan Hisba biyu suka tare ni, sun zaci wani na yanka. Kafin la'asar bayan gidanmu ya cika. Liman ya tsaya nesa kaɗan yana karatu yana yayyafa ruwa, mata na salati ta bayan katanga, jan abin nan kuma yana ta ɗiga cikin ramin, ɗis, ɗis, kowa na jinsa.

Ana cikin haka Malam Sale ya iso, wani tsohon bakanike da ya yi aiki a Kano shekaru da yawa. Ya tsuguna, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ɗago ya dube ni.

“Ɗana, ka tsiyaye man kafin ka kwance?”

Na ce, “Wane mai, Baba?”

“Man otomatik. Haka yake, ja. Ka fizge giyabos da manta a cike, ba dole ta yi maka wanka ba? Ka sa dutse a taya?”

Na ce a'a. Ya ce irin wannan mota giyabos ce ke riƙe ta in an ajiye, birkin hannunta kuma ya mutu tun Sabi'u na raye. Ka cire farfela, ka sake ta ke nan. Ya ce in gode wa Allah da tarin ƙasa, da yanzu ramin nan ya zama kabarin da ya yi kama da shi.

Liman ne ya fara dariya, yana rufe baki da rawani. Daga bayan katanga kuma na ji muryar Hajara. “Ashe jakin Malam Audu ba shi da laifi.” Ta ji komai. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga rami kuwa a gabana amma ban ƙara sha'awarsa ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Bayanin Malam Sale waɗanda ke wurin kaɗai suka ji, ihuna kuwa ya riga ya isa Kibiya. An gyaro giyabos, Malam Sale ya mayar, mota ta tashi lafiya lau, amma 'yan dako suka ƙi loda mata. Manoma suka ce ba za su sa gyaɗarsu a motar da ta ci mai ita kuma take zubar da jini ba. Kasuwa biyu na je na dawo babu ko buhu ɗaya. Alhaji Ɗanjuma ya fara cigiyar wata mota. Ina ganin yaran Yaya suna cin tuwo, ni kuwa sai in ture kwanona, don na san da bakina na yanke musu abinci.

Hajara ba ta yi min faɗa ba. Ta ɗura jan man nan a kwalba ta miƙo min, ta ce, “Baffan yara, bakin da ya ɓata shi zai gyara.”

Haka na yi ta yawo, Kibiya, Tarai, Saji, ina hawa bayan mota ranar kasuwa da kwalba a hannu, ina ba da labarin wautata, mutane na tsoma yatsa suna shinshinawa. Ba sa yarda sai na kai wurin jakin Malam Audu, nan ne suke faɗuwa da dariya, kuma wanda ya yi dariya ba ya ƙara jin tsoro. Gyaɗa ta dawo. Sunan da suka sa wa motar ya sauka daga kanta ya hau kaina, har yau a tasha Mai Jini ake kirana, kuma ina amsawa.

Na koyi darasi: ka sa dutse a taya, ka tsiyaye mai, in tsoro ya kama ka kuma ka fara rufe bakinka kafin ka sa gudu. Abu ɗaya dai ban taɓa faɗa a kasuwa ba. Ranar, bayan kowa ya watse, na buɗe ƙofar motar na tarar da hular Yaya a kan kujerar direba, a zaune daram, gabanta na kallon sitiyari. Na san Malam Sale yana da bayaninta. Ban tambaye shi ba, kunya ɗaya ta ishe ni.